Tsaunukan Gishiri da Ragon Goggo

Penang, Malesiya
9 ga Janairu

Zuwa ga Malama Nafisat Labaran, sarauniyar alli da dasta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa daidai matsayinki, wato 'yar kaɗan, ina fatan kina lafiya. Yaya Kawu da ciwon gwiwa? Ki gaishe shi da kyau, ki ce ɗan ƙanwarsa yana nan ƙalau, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa da shinkafa safe da yamma. Matata Fiddausi ta ce kin leƙa su a Unguwar Sarki kin cinye dambun naman da ta ajiye wa ɗana Idris. Allah ya saka wa yaron.

Imel na rubuto tunda kin toshe ni a waya, wai don na turo miki hotona a gaban injin eksire. Ba komai, hassada ga mai rabo taki ce.

Ga maganar. Kin san aikin digirina na uku manhaja ce ta koyar da ilimin kiristal, na sa mata suna Sahu. Na san darasin kike koyarwa a kwalejinku, amma bari in tuna miki, tunda rabonki da buɗe littafi tun kina bautar ƙasa. Ƙwayoyin zarra a cikin gishiri ko ƙarfe a jere suke sahu-sahu kamar masallata. In aka haska musu eksire, hasken ba ya dawowa ta ko'ina, sai ta wasu kusurwoyi kaɗai, gwargwadon tazarar da ke tsakanin sahu da sahu. Inji ya zana wannan, tsauni nan, tsauni can, kuma kowane abu da irin tsaunukansa. Wanda ya iya karanta su zai faɗa miki mene ne a cikin gari ba tare da ya ɗanɗana ba.

Ku ba ku da injin, ba kuwa za ku samu ba har ki yi ritaya. Abin da ɗalibanki suka sani shi ne akwatin nan da kike zana musu a allo, mai kama da akurkin da mota ta taka. A cikin Sahu ɗalibi zai juya kiristal da yatsa, ya matse sahu ko ya buɗa shi, ya ga tsaunukan suna tafiya. A ƙarshe akwai jarrabawa. Za a nuna masa zane, ya yi lissafi, ya faɗi ko na mene ne. Makin yana zuwa mini kai tsaye.

Farfesar da ke duba aikina ta ce ba za ta sa hannu ba sai an gwada manhajar a kan ɗalibai na gaske, a wurin da babu inji. Shi ne babin ƙarshe, in babu shi babu digiri. Na duba duniya kaf ban ga inda ya kai ajinki rashin komai ba. Ki ara mini su zango ɗaya.

Taubashinki wanda ya fi ki,
Sharhabil


Kawo, Kaduna
28 ga Janairu

Zuwa ga bawan gidanmu, Dakta Sai-Gobe,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke. Baba ya sami sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Ya ce yana gaishe ka, ban san me ya gani a jikinka ba. Dambun kuwa gishiri bai ji ba, ka faɗa wa matarka.

Na ga zaman ƙasar waje ya sa ka manta matsayinka. Ni 'yar namiji ce, kai ɗan mace. Tun ranar sunanka kake bawana, kuma ban taɓa jin inda bawa ya aiki uwargijiyarsa ba. Na karanta wasiƙarka na rufe, niyyata ta yi ta kwana a nan har a tashi duniya. Sai ga Innarka, Goggo Rahmatu, tun daga Rigachikun, ta sauka a tashar Kawo ta tako da ƙafa cikin rana, ta zauna a ɗakin Baba ta ce, "Nafisatu, ki taimaki ɗan'uwanki, wai ke kaɗai kika rage masa." Ashe ƙara ka kai. Ƙato da gemu, uban wani, ka rasa mai yi maka yaƙi sai tsohuwa. Ba zan iya kallon idon Goggo in ce a'a ba. Saboda ita na yarda, kada ka ɗauka kai ne.

Ɗakin kwamfutarmu rabin injinan sun riga mu gidan gaskiya, sauran suna jinya, wuta kuwa sai ta ga dama. Don haka na ce kowa ya sa abar a wayarsa. Ranar farko wata ɗalibata, Zahra'u, ta juya gishirinka da yatsa, sai ta ɗago ta ce, "Malama, ashe abin yana da baya!" Ajin ya kwashe da dariya. Ni haushi na ji, domin tun bara nake faɗa musu yana da baya.

Kada kanka ya kumbura. Launukan da ka zaɓa kamar kayan 'yan biki. Rubutun ƙanana, sai an ƙanƙance ido. Kuma wa ya aike ka sa hotonka a shafin farko? Yaran sun zaci tallar maganin basir ce. Sannan na duba jarrabawar, abu goma ne kacal a ciki, kullum su ne suke dawowa. Rowar taka har cikin manhaja?

Uwargijiyarka,
Nafisat


Penang
14 ga Maris

Malama Alli,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, har da ke. Ni dai mura ce ta ɗan taɓa ni, ta ga ba wurin zamanta ba ne ta wuce.

Kina zaune? In ba a zaune kike ba ki nemi kujera. Makin ɗalibanki yana ta shigowa. A makon farko yawancinsu uku ko huɗu suke ci cikin goma, wato abin da koyarwarki ta shuka ke nan. Yanzu kusan kowa tara yake ci, wasu goma cif. Akwai wani Inuwa, shi ko sau ɗaya bai ƙara kuskure ba. Na zana jadawalin na kai wa Farfesa, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan hawa ba. Matar da sai ta shekara ba ta yi murmushi ba, ranar har shayi ta ba ni.

Kin ga bambanci ke nan. Yaran ba daƙiƙai ba ne, malama suka rasa. Abin da kika kasa da kwalin alli nawa, waya ta yi shi a 'yan makonni, kuma ba ta neman ƙarin albashi.

Maganar abu goma kuwa, goma sun isa. Gishiri, ƙarfe, yashi, alli, bakin fensir da sauransu, kowanne na zaɓe shi da dalili. Ɗaliban da ke hannunki in na sa sha ɗaya sai kansu ya yi hayaƙi.

Na yi waya da Inna. Ta ce ta sayi ɗan rago a kasuwa ta ɗaure, tana kiwonsa da kanta don walimar dawowata. Na ce ta bari tukuna, ta ce ita ba ta jiran tukuna. Za a ba ki ƙafa ɗaya, in kin yi ladabi.

Dakta nan da Yuli in Allah ya so,
Sharhabil


Kawo
22 ga Maris

Dakta Sai-Gobe,

Mun amsa. Duk lafiya, sai zafin da ya fara. Allah ya ƙara wa murar ƙarfin hali, da ta daɗe.

Na sha dariya da jadawalinka, har Baba ya leƙo ya tambayi ko lafiya. Wai hawa! Sharhabil, shekara uku kacal ka yi a waje har ka manta irin yaran da muke haifa? Yaron da ya taso da allo, wanda ya haddace izu kafin ya iya ɗaura zariya, shi za ka ba zane goma ka ce ya yi lissafi? Haddace su suka yi. Ko alƙalami ba sa ɗagawa.

Har suna suka raɗa wa tsaunukan naka. Na gishiri, dogo ɗaya da wani a bayansa, shi ne Liman da Ladan. Na ƙarfe, 'yan tsirarun nan a warwatse, Haƙoran Kaka. Na yashi da ya cika fili, Cunkoson Kawo. Na bakin fensir kuwa, da yake tsauni ɗaya ne ƙato tsaye, sun ce Gwauro. Inuwan nan da kake yabo shi ya tsara su, ya ɗauki hoton kowanne ya watsa a zauren ajinsu na waya. Jiya na tsayar da shi a baranda na ce, "Inuwa, me ya sa tsaunin gishiri yake fitowa a wannan kusurwa, ba a wata ba?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Malama, ai nan ne gidansa." Gwarzon manhajarka ke nan.

Saboda haka ka mayar wa Farfesa shayinta. Abin da ka auna ba fahimta ba ce, hadda ce, kuma wannan ba kai ka koya musu ba, malamin allonsu ne. Shi ya kamata a ba digirin.

Na je Rigachikun na ga ragon. Ya fi ka kyau, ya fi ka hankali, kuma ya fi ka kusa da kammala abin da ya kawo shi. Na faɗa wa maƙwabtan Goggo cewa shara kake yi a ɗakin binciken, injin kuma aron hoto kawai ka yi da shi.

Mai gidanka,
Nafisat


Penang
3 ga Afrilu

Sarauniyar alli,

Gaisuwa mai yawa, yau na ƙara miki saboda kin yi ƙoƙari. Muna lafiya.

Wallahi kin iya. Liman da Ladan! Gwauro! Na karanta wa wani abokina ɗan Zariya da muke tare a nan, har ya ƙware da ruwa. Da irin wannan basira kike shiga aji da ita, da ban sha wahalar gina komai ba.

Amma kin makara, ni ba yaron jiya ba ne. Ba ke ce kika zo har gida kika ce an riƙe sakamakon jarrabawarmu ta gama sakandare ba, na yini a ɗaki ban ci abinci ba, ashe ni na fi kowa ci? Ba ke ce ana gobe ɗaurin aurena kika ce iyayen Fiddausi sun fasa ba? Ba ke ce kika ce jirginmu an ɗage shi ba? Duk lokacin da alheri ya tunkaro ni sai kin fito da labari. Na san wasan, tare muka taso a cikinsa. Kin haɗa wannan da na shara a wasiƙa ɗaya, kina so in ɗauki ɗaya in bar ɗaya?

To bari in ba ki labarin da ba na ƙirƙira ba. Ranar Litinin na miƙa kundin gaba ɗaya, da babin Kaduna a ciki. An sa kare shi a ƙarshen Yuli. A shafin godiya na sa sunanki, can ƙasa, bayan na mai gadin ɗakin bincike.

Ki gaida Liman, ki ce Ladan ya rage ƙarar lasifika.

Sharhabil


Penang
6 ga Mayu

Malama,

Lafiya dai? Wata guda babu ko tari. Ko dai allin ne ya ƙare? Na san ciwon, ba sauƙi a ga bawa ya zama Dakta. Ki sha ruwan sanyi, zai wuce. Shiru ma amsa ce, kuma na karɓa.

Sharhabil


Kawo, Kaduna
25 ga Mayu

Zuwa ga ɗan'uwana Sharhabil Balarabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Baba yana lafiya, Goggo tana lafiya, na ga Fiddausi da Idris ranar Juma'a, su ma ƙalau. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta.

Na ajiye wasa a wannan wasiƙar. Ina roƙonka ka karanta ta kamar wata malama ce da ba ka sani ba ta rubuto maka.

Abin da na faɗa maka a watan Maris gaskiya ne. Maganar shara ce kaɗai wasa. Da na ga amsarka na rasa yadda zan yi, domin na gane duk yadda na juya maganar dariya za ka yi. Shi ya sa na yi shiru, na ce sai na zo da abin da ba bakina ba.

A cikin manhajarka, a ɓangaren malami, akwai inda ake sauya irin hasken. Duk zanen jarrabawar da hasken eksire mai fitowa daga jan ƙarfe ka yi su. Na mayar da shi na wani ƙarfen daban, wato kobal. Ka fi ni sanin abin da zai faru. Abubuwan su ne dai, tazarar sahunsu ba ta canja ba, amma tsaunukan duk sun matsa gefe. Wanda ya fahimci darasin zai ɗauki kusurwa, ya sa a lissafin Bragg mai haɗa kusurwa da tazara, ya fitar da tazara, ya duba jerin tazarori ya gane gishirinsa. Na buga zanen goman a takarda, na karɓe wayoyi a bakin ƙofa, na raba musu na'urar lissafi da jerin tazarorin, na kuma rubuta a allo cewa hasken kobal ne, don kada a ce na yi musu kwanton ɓauna.

Ɗalibai sittin da ɗaya suka zauna. Bakwai ne suka yi lissafin suka ci, Zahra'u tana cikinsu. Wasu sun canki biyu ko uku daga kamannin zanen, ba lissafi ko layi ɗaya a takardarsu. Inuwa ya rubuta a saman tasa, "Malama wannan ba ya cikin manhaja." Wani ya rubuta, "Liman ya bar gidansa." Ban yi dariya ba.

Matsakaicin makinsu ya koma kusan inda yake a makon farko. Na ɗauki hoton takardun duka, suna haɗe da wannan saƙo.

Ban ji daɗi ba, Sharhabil. Ɗalibaina ne, kuma ni ma a gabana suka yi ta cin tara ina ganin kamar na huta. Na san abin da babin nan yake nufi a wurinka. Amma abin da ke cikinsa ba haka yake ba, kuma gara ka ji daga gare ni tun da sauran lokaci.

'Yar'uwarka,
Nafisat Labaran


Penang
27 ga Mayu

Nafisat,

Kin kusa kashe ni. Ina ganin "ɗan'uwana" da cikakken sunana, ban ko karanta layi na biyu ba na kira Inna, na zaci Kawu ne ya rasu. Ta ce lafiyarsa ƙalau, tana ma tsakar gida tana ba rago dusa. Sai da na zauna sannan na karanta sauran.

Na duba takardun ɗaya bayan ɗaya. Na kuma koma na duba abin da manhajar take ajiyewa, wanda ban taɓa damuwa da shi ba, wato tsawon lokacin da ɗalibi yake ɗauka kafin ya amsa. Lokacin bai isa ko a buɗe na'urar lissafi ba. Yana nan a gabana tun Maris. Na yarda.

Amma ki saurare ni. Makin da na rubuta a kundin ba ƙirƙira na yi ba, su suka ci, manhaja ta rubuta. Ban canja ko ɗigo ba. Jarrabawar takardar nan ba ta cikin tsarin binciken da aka amince mini, ke kika yi ta don kanki. Ba wanda ya san da ita a nan, kuma masu jarraba ni ba za su zo Kawo ba. In na tsallake Yuli, wallahi zan gyara manhajar, in sa ta riƙa haifar da sabon zane kowane lokaci, in ba ku ita kyauta har abada. Wa aka cuta?

In na buɗe baki yanzu, janye kundin za a yi. Shekara guda ke nan aƙalla. Idris yana rarrafe na tafi, yanzu in na kira sai ya ɓoye a bayan uwarsa. Fiddausi ta gaji da zaman jira, ba ta faɗa amma ina ji a muryarta. Inna kuwa kin ga abin da take yi da idonki.

Ki ajiye takardun a ƙasan akwati wata biyu kawai. Ai uwargijiya takan rufa wa bawanta asiri.

Sharhabil


Kawo
29 ga Mayu

Sharhabil,

Muna lafiya.

Kada ka ƙara jawo wasanmu cikin wannan magana. Ba wurinsa ba ne.

Ka tambaya wa aka cuta. Ɗalibai hamsin da huɗu da za su fita da shaidar sun iya abin da ba su iya ba. Da duk malamin da zai karanta kundinka ya ɗauka hanya ce, ya bi ta da nasa yaran. Kuma sunan ajina ne a babin, ko da nawa sunan yana ƙasan na mai gadi.

Ba zan rubuta wa Farfesarka ba, ba aikina ba ne. Takardun suna nan a kan teburina, ba a ƙasan akwati ba, duk wanda ya tambaye ni zan nuna masa. In ka dawo da digirin a haka zan zo walima saboda Goggo, zan gaishe ka da ladabi, in ce maka Dakta, kuma haka zan riƙa gaishe ka har ƙarshen rayuwarmu.

Tun muna yara nake zaginka. Na kira ka bawa, na kira ka mai kunnen faranti, na ce rago ya fi ka hankali. Ban taɓa raina ka ba ko sau ɗaya sai da na karanta wasiƙarka ta shekaranjiya.

Nafisat


Penang
8 ga Yuli

Nafisat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Kawu. Ni da sauƙi. Na rame, amma ba ciwo ba ne.

Na daɗe ban rubuto ba domin ba ni da abin faɗa. Na rubuta miki amsa mai zafi har sau uku ina gogewa. Na yi ta shirin kare kundin kamar babu abin da ya faru, har na gwada rigar da zan sa ranar. Amma duk lokacin da na zo kan jadawalin nan a gwaji sai in ji kina ce mini Dakta da ladabi, sai in kasa ci gaba.

Makon jiya na buga takardun ɗalibanki na kai wa Farfesa. Na fassara mata har Liman da Gwauro. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana juya takardar Inuwa, sannan ta tambaye ni yaushe na sani. Na ce an faɗa mini a Maris, na yarda a Mayu. Ta ce me ya hana ni yarda a Maris. Na yi ƙoƙarin bayyana mata mene ne taubashi, na ga ba ta gane ba, na bar maganar. Wannan karon babu shayi.

An janye kundin. Za a sake gina jarrabawar yadda zane ba zai taɓa maimaituwa ba, a sake gwaji zango biyu. Ta ce jarrabawar takardarki ta fi duk abin da na tsara, kuma da ita za a riƙa aunawa, in kin yarda ki ci gaba. Sai baɗi war haka, in Allah ya kai mu. Na faɗa wa Fiddausi. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, sai ta miƙa wa Idris wayar.

Saura Inna. Na ɗaga waya na ajiye ban san sau nawa ba. Kullum na kira sai ta fara da labarin rago. Fiddausi ta ce ita ba za ta iya kai wa surukarta wannan ba, kuma ban ga laifinta ba. Ke Inna tana jin maganarki. Don Allah ki je Rigachikun ki faɗa mata a hankali, yadda ba za ta tsorata ba. In kin gama ni zan kira.

Kuma in da hali, ki daina gaishe ni da ladabi. Ba na iya barci.

Sharhabil


Kawo
15 ga Yuli

Bawan gidanmu, Dakta Sai-Baɗi, mai kunnen faranti,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Baba ya ce a gaishe ka, wannan karon na ga abin da ya gani, amma kaɗan ne, kada ka saba. Ramar kuwa ba za ta rage maka muni ba, ka ci abinci.

Na yarda da zango biyun. Sharaɗina ka cire hotonka daga shafin farko. Na sanar da ajin cewa sabuwar manhaja tana zuwa wadda ba ta maimaita zane, Inuwa ya dafe kai ya ce, "Malama, wannan ai zalunci ne." Na mayar da shi kujerar gaba, kusa da Zahra'u, da na'urar lissafi a hannunsa.

Yanzu aiken da ka yi mini. Ranar Asabar na hau mota na tafi Rigachikun. Ban yi wasa da kowa a hanya ba, na sa babban mayafi, na shiga da sallama a nutse. Na tarar da Goggo a tsakar gida da maƙwabciyarta suna auna atamfar anko. Na jira matar ta fita. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Goggo, magana na zo da ita a kan Sharhabil. Lafiyarsa ƙalau, amma karatun bai ƙare ba. An sami matsala a aikin, an ƙara masa shekara guda. Ba zai dawo bana ba."

Ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, har da tafa hannu. Ta ce, "Kai, Nafisatu! Ke dai ba za ki bar yaron nan ya sha ruwa ba. Da shara ce, yanzu kuma shekara?"

Na ce, "Goggo, wallahi da gaske nake."

Ta ce, "Haka kika rantse ana gobe ɗaurin aurensa." Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyar ta dawo, wai ta zo ta ji sabon sharrin da taubashiya ta ƙullo. Suka yi ta dariya su biyu. Na maimaita har idona ya kawo ruwa, Goggo ta ce ji yadda na iya har da hawaye. Ta yanka mini yadi shida na ankon, ta ce nawa ne ba sai na biya ba, ta cika mini leda da gyaɗa, ta raka ni har bakin titi tana ce wa mutane ga mai baƙin ciki da Dakta.

Na dawo da atamfar tana kan gadona, ban san abin da zan yi da ita ba. Ban taɓa jin nauyin bakina irin na ranar ba.

Saboda haka wannan aiken ya fi ƙarfina. A duk duniya ni ce mutum ɗaya da Goggo ba za ta taɓa yarda da ita a kanka ba, kuma ni da kai muka gina hakan. Ta ce jibi za ta kai ɗinki, ta kuma aika wa dangi na Zariya da ranar. Ragon ya yi ƙiba har ba ya son tashi.

Ka kira ta yau, da bakinka, kafin tela ya sa almakashi.

Uwargijiyarka,
Nafisat